Mota mai ɗaki tana jone da wutar gida wata biyu, amma batirin inji ya mutu: ina matsalar take?

Baƙon Leeds:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar mota. A damunar bara na sayi mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da madafi da banɗaki a ciki, ƙirar 2014, an gina ɗakin a kan Fiat Ducato. Da sanyi ya fara shigowa a tsakiyar Nuwamba sai na ajiye ta a gefen gida, na ja waya daga gareji na jona ta da wutar gida, domin wanda ya sayar mini ya ce muddin tana jone babu abin da zai sami batir. Daga nan na tafi gida Najeriya, ban dawo ba sai tsakiyar Janairu. Na shiga motar na tarar fitilun ɗaki suna kamawa, allon da ke saman ƙofa yana nuna batir a cike, amma da na murɗa makulli ko ƙyas kik bai yi ba, fitilun gaban sitiyari ma da ƙyar suka haska. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mota za ta kwana wata biyu tana shan wuta sannan batir ya mutu. Cajar ce ta lalace, ko kuwa akwai abin da ban sani ba?

Tsohon Mai Riwaya, Kano:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ban taɓa kama irin motarka da hannuna ba, amma na yi shekaru ina aikin manyan motoci masu batir fiye da ɗaya, kuma daga bayaninka na fahimci batir biyu kake da su, kowanne da aikinsa. Ɗaya na ɗaki ne, shi ke ba fitilu da famfon ruwa wuta, ɗayan kuma na inji ne, shi ke juya kik. Wanda allonka ya nuna a cike na ɗaki ne. Mu a nan, idan mutum zai yi doguwar tafiya ya bar mota, abin da muke gaya masa shi ne ya kwance baƙin kan batir ya ajiye shi gefe, domin mota ko a kashe take akwai abubuwan da ke tsotsar wuta a hankali dare da rana. Da ka yi haka kafin ka taho, da ka koma ka tarar da batirinka da sauran ƙarfi.

Baƙon Leeds:
Na gode, Baba. Na san wannan dabarar, haka nake yi wa motar da na bari a gida. Sai dai a nan akwai cikas: yarjejeniyar inshorata ta ce dole ƙararrawar ɓarayi da na'urar bin sawu su kasance a kunne a kowane lokaci, kuma dukansu daga batirin inji suke sha. Idan na cire kan batir aka sace motar, zan iya rasa diyya baki ɗaya. Shi ya sa nake neman hanyar da batirin zai riƙa samun caji alhali yana jone da komai.

Injiniya, Hamburg:
Abin da Baba ya faɗa game da batir biyu shi ne asalin maganar, bari in ɗora a kai. Masu ƙera irin waɗannan motoci sun raba batiran biyu da gangan, domin kada mutum ya kwana yana kunna fitila da talabijin ya wayi gari mota ta ƙi tashi. Akwai wani rile, wato makunni mai aiki da kansa, da ke haɗa su, amma ba ya haɗawa sai inji yana aiki, sa'annan altaneta, wato na'urar da inji ke juyawa tana samar da wuta, ta riƙa cika su tare; da zarar an kashe inji sai ya raba su. Cajar da ke karɓar wutar gida ta bolt 230 kuwa a ɓangaren ɗaki aka saka ta, kuma babu wata doka da ta tilasta ta kula da batirin inji. Wasu motocin suna yi, wasu ba sa yi. Misali, akwatunan wuta na kamfanin Schaudt, waɗanda ake samu a motoci da yawa ƙirar Jamus, suna tura ɗan caji da bai wuce amfiya 2 ba zuwa batirin inji idan an jona wutar waje. Wasu sababbin na'urorin Sargent da ake sakawa a motocin Ingila suna karkata caji tsakanin batiran biyu da kansu idan an saita su. Akwai kuma motoci da dama, musamman tsofaffi da waɗanda mutane suka gina da kansu, da cajarsu ba ta san da zaman batirin inji ba sam.

Saboda haka kada ka sayi komai tukuna, kuma kada ka yanke cewa caja ta lalace. Nemi mitar awon wuta ta hannu, ba ta da tsada. A Ducato na shekarar motarka batirin yana ƙarƙashin daɓen gaba ne, gaban kujerar hagu, ba cikin bonet ba. Cire wayar wutar gida, ka bar motar ta huta wasu sa'o'i, ka auna kowane batir a kan kawunansa kai tsaye ka rubuta. Batirin dalma mai lafiya da ya cika yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7, idan ya sauko 12.2 ya kai kusan rabi. Sannan ka mayar da wayar ka sake aunawa bayan 'yan mintuna. Duk batirin da caja ke taɓawa zai haura 13, yana iya kai wa 14.4 kafin ya sauko ya tsaya wajen 13.5. Wanda lambarsa ba ta motsa ba, babu abin da ke shigarsa. Gani ya kori ji, kuma allon saman ƙofa ji ne kawai.

Ɗan Birmingham:
Yaya, ni ina ganin ana neman tsawaita abu mai sauƙi. Kafin ka samu mita, ka riƙa fita duk ƙarshen mako ka tada injin ka bar shi yana aiki minti goma sha biyar ko ashirin, altaneta za ta mayar da abin da ya zube. Haka maƙwabcina yake yi wa tasa duk hunturu.

Direban Tirela, Ohio:
Ƙanena, a kan wannan kam ban yarda da kai ba. Na shekara da yawa ina kwana a cikin mota a lokacin da ƙanƙara ke rufe hanya, na san abin da tada injin dizal a sanyi ke ci. Kik yana jan ɗaruruwan amfiya a cikin 'yan daƙiƙu, ga filogin ɗumama inji su ma suna ja kafin ya tashi, kuma batir mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri. Minti goma sha biyar a tsaye zai iya mayar da abin da tashin ya ci, amma ba zai cika batirin da ya yi mako yana zuba ba. Bayan haka injin ba ya yin zafin da zai kori danshi daga mai da salansa, kuma matatar hayaƙin da ke cikin dizal na zamani tana toshewa da baƙar ƙurar hayaƙi idan ana yawan barin inji yana aiki a tsaye, domin ba ta ƙona abin da ta tara sai mota ta yi gudu ta yi zafi. Gyaran wannan matatar ya fi kuɗin batir nesa ba kusa ba. Idan za a tada ta, a fita da ita a yi tafiyar minti talatin ko arba'in a babbar hanya. Sannan mutumin nan tafiya ya yi ta wata biyu, wa zai riƙa tada masa?

A nan Amurka ma matsalar ɗaya ce, duk da cewa wutarmu bolt 120 ce kuma ana jona motocin a turakun amfiya 30 ko 50. Manyan motocin dizal masu tsada sukan zo da rilen da ke haɗa batiran ta kowane ɓangare caji ya fito, amma ƙanana da yawa ba su da shi, sai mai mota ya ƙara wata 'yar na'ura da ke ɗibar wuta kaɗan daga batirin ɗaki tana zuba wa na inji.

Hajiya, Manchester:
Ni da maigidana mun sha irin wannan wahalar a hunturunmu na farko, bari in faɗi kurakuran da muka yi ko wani ya tsira daga gare su. Da farko mun dogara da farantin sola mai wat 100 da ke kan rufin motar, ashe na'urar da ke sarrafa shi batirin ɗaki kaɗai take ba, irin mai ƙofa ɗaya ce. Akwai masu ƙofa biyu da ke raba wa batirin inji wani kaso, amma ko da irinsu ne, a watan Disamba a arewacin Ingila hasken rana bai kai awa takwas ba, rana tana ƙasa ƙasa, mafi yawan kwanaki kuma hadari ne ya rufe ta, idan akwai katanga ko bishiya kusa da motar ma shi ke nan. Kuskure na biyu ya fi ban dariya: mun sayi ƙaramar caja muka cusa ta a ramin kunna sigari, muka bar ta mako uku muna murna, alhali a motarmu wannan ramin ba ya haɗuwa da batir sai an murɗa makulli. Abin da ya raba mu da matsalar shi ne caja mai lura da kanta ta amfiya 5, wadda aka ɗaure wayoyinta a batirin inji, muna jona ta a soket na cikin ɗakin motar. Duk lokacin da mota ke jone da wutar gida, ita ma tana aiki, idan batir ya cika ta rage da kanta. Hunturu uku ke nan ba mu sake neman mai taimakon tada mota ba.

Ɗan Birmingham:
To na janye maganar tada inji, Direba ya fi ni sani. Amma ga wata hanya da ni da kaina nake amfani da ita, kuma kuɗinta bai kai na cin abincin rana ba. Ka ja waya ɗaya daga jan kan batirin ɗaki zuwa jan kan batirin inji, ka saka fis mai amfiya 10 a tsakani. Idan ka ajiye mota ka jona wutar gida, sai ka cusa fis ɗin, batiran biyu su zama ɗaya, cajar motar ta riƙa cika su tare. Idan za ka tafi ka zare shi. In ma ka manta ka tada inji, fis ɗin ne kawai zai ƙone, ka saka wani. Tsofaffin masu irin waɗannan motoci a nan sun daɗe suna yin haka, ban ga dalilin sayen wata na'ura ba.

Injiniya, Hamburg:
Dabarar tana aiki, ba zan musa ba, kuma na san ta daɗe. Amma akwai sharuɗɗan da ba ka ambata ba, waɗanda su ne ke sa ba na ba wanda bai saba da wuta ba shawarar yin ta. Na farko, waya ce tsakanin batir biyu, wato wuta na iya fitowa daga kowane ƙarshe, saboda haka fis ɗaya a tsakiya bai isa ba. Idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfen jikin mota a wani wuri, ɓangaren da babu fis tsakaninsa da batir zai yi ja ya kama da wuta. Dole a saka fis kusa da kowane batir. Na biyu, duk tsarin ya dogara ne da cewa wutar gida ba za ta yanke ba. Mai tambaya ya ja waya ne daga gareji, kuma irin wannan layin yana da makashin kariya da ke faɗuwa idan danshi ya shiga mahaɗar waya, abin da ke faruwa sosai a ruwan hunturu. Ranar da ya faɗi mai gida yana Kano, ƙararrawa da na'urar bin sawu za su shanye batiran biyu tare, maimakon a yi asarar ɗaya a yi ta biyu. Na uku, idan ɗayan batiran yana da sel guda, wato ɗaya daga ƙananan ɓangarorin da ke cikinsa, da ya lalace, zai riƙa jan mai lafiyar ƙasa, caja kuma ta yi ta tura wuta ba tsayawa.

'Yar na'urar da Direba ya ambata ita ce ke magance waɗannan. Wayoyi uku gare ta, ɗaya zuwa kowane jan kai, ɗaya zuwa jikin mota. Tana barin wuta ta bi hanya ɗaya tak, daga ɗaki zuwa inji, kuma ba ta wuce amfiya kaɗan, sannan ba ta buɗewa sai batirin ɗaki ya fi na inji ƙarfi da wani ɗan rata. Babu abin da za ka tuna ka zare. Fa'idarta a kan cajar Hajiya ita ce tana aiki ko daga ina cajin ya fito, wutar gida ko sola.

Tsohon Mai Riwaya, Kano:
Injiniya ya yi gaskiya a kan fis biyu, wannan ba abin wasa ba ne, na ga motar da ta ƙone ƙurmus saboda waya ɗaya da aka ratsa ta ramin ƙarfe ba a saka mata roba ba. Sai dai zan ɗan kare yaron nan ta wani gefe: abin da mutum ya haɗa da hannunsa ya fahimta ya fi masa sauƙin bincike ranar da ya ƙi aiki, na'urar da aka rufe da baƙin ƙaro kuwa idan ta mutu ba ta sallama, sai dai ka wayi gari mota ta ƙi tashi. Duk wadda aka zaɓa, a riƙa ɗora mita lokaci lokaci. Tambayata ga mai motar ita ce: da ka dawo, nawa batirin ya nuna kafin a taɓa shi?

Baƙon Leeds:
Na gode muku duka. Na sayi mitar, na kuma yi kwana biyu ina gwaje gwaje, ga abin da na samu. Batirin inji, wanda aka rubuta amfiya-awa 95 a jikinsa, wato yawan wutar da yake iya riƙewa, ya nuna bolt 9.6 kafin in taɓa shi, Baba. Na aro caja daga wani abokin aiki, da farko ta ƙi gane cewa akwai batir a gabanta, sai da na sauya ta zuwa tsarin farfaɗowa sannan ta fara. Bayan kwana guda ta nuna ya cika. Na cire ta, na bar shi ya kwana, da safe ya nuna 12.3. Batirin ɗaki kuma ya nuna 12.7. Da na jona wutar gida, na ɗaki ya haura 14.2 daga baya ya sauko 13.6, na inji kuwa yana nan a 12.3, bai motsa ko kaɗan ba. Na kuma bi bayanin da na samu na auna abin da motar ke sha a kashe: na saka mitar tsakanin baƙin kai da wayarsa, na rufe ƙofofi na jira kusan rabin awa har kwamfutar motar ta yi barci, lambar ta tsaya a wajen miliamfiya 70 (miliamfiya dubu ce amfiya ɗaya).

Injiniya, Hamburg:
Madalla, yanzu lissafi ya fito fili. Cajar motarka lafiyarta ƙalau, tana yin aikin da aka ɗora ta a kai, batirin inji ne kawai ba ya cikin hanyarta. Miliamfiya 70 sau awa 24 ya ba da kusan amfiya-awa 1.7 a kowace rana. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kwana 60 ne ko kusa da haka, wato amfiya-awa 100 da ɗoriya, batirinka kuma 95 ne a ranar da yake sabo. Ko ba a haɗa da ɗan abin da kowane batir ke zubarwa da kansa ba, babu yadda za a yi ya kai tsakiyar Janairu. Tun cikin makon farko na Disamba ya riga ya sauko inda lalacewa ke farawa. Miliamfiya 70 ta ɗan yi yawa ga mota zalla, amma ga mai ƙararrawa da na'urar bin sawu ba abin mamaki ba ce. Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar abin da ake buƙata: duk hanyar da za ta ba shi ko amfiya 1 a kai a kai ta ninka abin da ke zuba fiye da sau goma.

Hajiya, Manchester:
Malam, kafin ka kashe kuɗi, duba allon saman ƙofar da kyau. Motoci da yawa da aka gina a Ingila a shekarun nan suna da maɓalli mai hoton batir biyu, ɗaya da zanen ɗaki ɗaya da zanen mota. Mu da muna zaton don duba ƙarfin kowanne ne kawai, ashe a wasu motocin yana zaɓar batirin da ɗakin zai yi amfani da shi ne, kuma wanda aka zaɓa shi caja ke cikawa. Tamu ba ta da shi, amma ta wata ƙawata tana da shi. Danna shi ka sake ɗora mitar.

Baƙon Leeds:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maɓallin yana nan, wata shida ina kallonsa. Na danna shi wutar gida tana jone, cikin minti biyu batirin inji ya tashi daga 12.3 ya haura 14, na ɗaki kuma ya fara sauka a hankali zuwa 12.8, wato cajar ta koma kansa kacokan. Na binciko littafin motar daga ƙarƙashin kujera, bayanin yana ciki, sakin layi guda. Wanda ya sayar mini bai ambata ba, ni ma ban karanta ba, laifin namu ne mu biyu. To yanzu tambayata ta sauya: in bar shi a kan batirin inji duk hunturu kawai, in huta da sayen komai?

Injiniya, Hamburg:
Za ka iya, kuma ga mutumin da ke gida yana leƙa motarsa wannan ya wadatar: mako uku a kan na inji, mako guda a kan na ɗaki, tunda na ɗaki ba shi da abin da ke shansa sosai idan an kashe komai. Amma ka gwada abu biyu tukuna. Cire wutar gida ka mayar, ka ga ko zaɓin ya tsaya inda ka bar shi ko ya koma kan batirin ɗaki da kansa, domin wasu allunan suna komawa, kuma idan naka irinsu ne, yankewar wuta ta minti ɗaya za ta mayar da kai gidan jiya ba tare da ka sani ba. Na biyu, ka tuna cewa muddin zaɓin yana kan batirin inji, fitilu da famfo da injin ɗumama ɗaki duk daga gare shi za su sha, saboda haka ranar da ka fita yawo ka kwana inda babu wuta ka manta ba ka mayar ba, da safe sai neman taimako. Ga mai tafiyar wata biyu irinka, har yanzu na fi son 'yar na'ura mai hanya ɗaya, a bar zaɓin a kan ɗaki, batiran biyu su samu.

Direban Tirela, Ohio:
Ina da ƙari a kan na'urar, saboda na ga mutane da yawa yanzu suna sauya batirin ɗaki zuwa litiyam. Batirin litiyam irin na waɗannan motoci yana zama a bolt 13.2 zuwa 13.3 ko ba a cajinsa, wato kullum ya fi batirin dalma yawan bolt. Tsohuwar na'urar da ke duba rata kawai za ta ɗauka caji ake yi, ta yi ta ɗiba daga litiyam tana zuba wa na inji ko babu wutar waje. Wani zai ce ai hakan ma alheri ne tunda batirin inji ake so a kare, amma gara mutum ya san haka ke faruwa, kuma akwai waɗanda aka ƙera musamman don litiyam, masu jira sai an haura 13.5 ko kusa da haka. Dabarar fis ta ƙanena kuwa kada a kusanto da ita inda akwai litiyam. Haka kuma wanda ya saka caja mai ɗaukar wuta daga altaneta zuwa batirin ɗaki, irin da sababbin motoci ke buƙata, kada ya zaci ta rufe masa wannan ƙofa, domin yawancinsu daga inji zuwa ɗaki kawai suke turawa.

Tsohon Mai Riwaya, Kano:
Kun yi ta maganar yadda za a cika batir, ni kuma ina tsaye a kan batirin kansa. Ɗana, batirin da ya sauka 9.6 ya kwana makonni a haka, sannan aka cika shi ya wayi gari a 12.3, ya riga ya ji jiki. Idan batirin dalma ya daɗe babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantansa, kuma caji ba ya narkar da wanda ya riga ya taurare. Zai iya tada maka mota yau da rana, ya ƙi tadawa ranar da sanyi ya tsananta. A nan zafi ke kashe mana batir, a wajenku kuma na ji ruwan batirin da ya mutu yana iya daskarewa har ya kumbura kwandon, don haka ka shafa gefunansa ka ji ko ya kumbura ko ya tsage. Abin da ya fi damuna shi ne inda Injiniya ya ce yake, wato cikin mota ƙarƙashin ƙafa. Batir mai lalataccen sel idan aka bar shi a kan caji ba mai kallo yana zafi, yana fitar da iska mai kamawa da wuta, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kada ka bar wannan a jone ka yi tafiya. Kai shi a gwada shi da na'urar da ke ɗora masa nauyi, idan ya faɗi ka sauya, kuma ka tabbata an mayar da ɗan bututun da ke fitar da iskarsa waje a jikin sabon.

Baƙon Leeds:
Baba, na bi maganarka. An gwada shi a shagon batir, ƙarfin tada injinsa bai kai rabin abin da aka rubuta a jikinsa ba, na sayi sabo mai girma ɗaya, bututun ma na tsaya sai da na ga an mayar. Na kuma yi gwajin Injiniya: da na cire wutar gida na mayar, zaɓin ya koma kan batirin ɗaki da kansa. Ke nan ko da na san maɓallin tun Nuwamba, yankewar wuta sau ɗaya ta isa ta ɓata komai. Na yi odar 'yar na'urar mai waya uku, batirina na ɗaki na dalma ne don haka maganar litiyam ba ta shafe ni ba yanzu. Abin da ya rage mini shi ne inda zan ɗaura ta, domin batirin ɗaki yana can baya ƙarƙashin gado, kuma ba na son jan waya tsawon motar.

Injiniya, Hamburg:
Ba sai ka ja ba. Nemi inda rilen da ke haɗa batiran yake, ko bayan akwatin wutar ɗakin, a nan wayoyin batiran biyu suke haɗuwa wuri ɗaya, tazararsu ba ta wuce tafin hannu ba. Tabbatar da kowace waya da mita kafin ka ɗaura: wutar gida tana jone, mai nuna 13.6 ta ɗaki ce, mai nuna ƙasa da haka ta inji ce. Cire wutar gida da fis ɗin batiran biyu kafin ka fara aiki. Bayan ka gama, kada ka tsorata idan batirin inji bai kai lambar na ɗaki ba, zai riƙa zama ƙasa da shi da kusan rabin bolt ko fiye, haka aka ƙera ta. Idan ka ga 12.8 zuwa 13 bayan kwana ɗaya, tana aiki.

Ɗan Birmingham:
Ni dai fis ɗina yana nan, amma na ƙara na biyu kusa da batirin inji jiya da yamma, kada Baba ya ce ban ji magana ba. Yaya, idan ka ɗaura taka ka turo mana lambobin da ka samu bayan mako guda, ni ma zan auna tawa a rana ɗaya mu kwatanta.